Wat 5 Ko Wat 100? Tarihin Wata Gardama Ta Makaɗan Jita

Yau zan roƙi masu karatu su yi mini uzuri, mu ɗan jingine labaran soyayya da na kishiyoyi a gefe, mu leƙa wata gardama da aka shafe sama da shekara 60 ana tafkawa tsakanin makaɗan jita na Amurka da Ingila. Gardamar a kan akwatin nan ne da ake jona jita da shi don muryarta ta fito, wato amfilifaya. Wasu sun ce sai babba mai ƙarfin wat 100, wadda in an ɗora ta bisa lasifikokinta takan kai tsawon mutum. Wasu kuma sun ce 'yar ƙarama mai wat 5 ko 15, wadda yaro zai ɗauka da hannu ɗaya, ta fi daɗin murya. Ni dai ba zan ɓoye ba, ina bayan ƙaramar. Amma da yake hujjata a cikin tarihi take, sai mai karatu ya yi haƙuri mu bi abin daki-daki.

Da farko, amfilifayar da muke magana a kai daban take da wadda muka saba gani a masallatai da gidajen biki. Waɗancan da tiransisto suke aiki. Wannan kuwa da wasu 'yan kwalaben gilashi take aiki, kowacce kamar babban yatsa ko ta ɗan fi, an zuƙe iskar cikinta, an saka wata waya da ke yin ja idan ta ɗau zafi. Amurkawa na ce mata tub, mutanen Ingila na ce mata bawul, ni kuma zan riƙa ce mata kwalba. John Ambrose Fleming ne ya ƙera ta farko a 1904, sannan a 1906 Lee de Forest ya ƙara mata wata waya ta uku, wadda ta sa ƙaramin motsin lantarki ke iya sarrafa babba. Da ita aka yi rediyo da talabijin da kwamfutocin farko. Da aka ƙirƙiro tiransisto a 1947, wanda ba ya fashewa, ba ya shan wuta sosai, ga arha, sai duniya ta yi wa kwalba bankwana a hankali. Makaɗan jita na cikin 'yan kaɗan da suka ƙi sakinta har yau.

Dalilinsu kuwa shi ne halin da kwalba ke nunawa idan aka ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Amfilifayar tiransisto ta zamanin da, in ta kai maƙura, datse sautin take yi kamar an sa wuƙa, sai ka ji wata irin ƙara mai cizon kunne. Ita kuwa kwalba lanƙwasa sautin take yi sannu-sannu. Murya takan yi kauri, ta ɗan dishe kamar ta mawaƙin da ya kwana yana waƙa, kuma in an taɓa tsirkiya sautin ya daɗe bai mutu ba. Abin da ya fi burge makaɗa shi ne da yatsunsu suke sarrafa wannan: in ya taɓa a hankali ta fito garau, in ya doka da ƙarfi ta yi gurnani. Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan ɗanɗano, domin masu garaya da gangan suke maƙala ƙarfen nan mai ƙananan zobba don sauti ya riƙa zuza. To, a riƙe wannan da kyau, domin a nan duk gardamar ta rataya: wannan dishewa mai daɗi ba ta samuwa sai an murɗa amfilifaya dab da iyakar ƙarfinta.

Abin dariya shi ne mutumin da ya fi kowa suna a ƙera waɗannan akwatuna bai taɓa neman wannan murya ba. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, kuma bai iya kaɗa jita ba. Abokan cinikinsa na farko masu kiɗan karkarar Amurka ne da masu jitar Hawai da ake kwantarwa a cinya, su kuwa murya garau suke so. A wajen Leo, dishewa aibi ce da ya kamata injiniya ya magance. A 1948 ya fito da 'yar ƙaramar da daga baya aka sani da Champ, don 'yan koyo. Samfurinta na ƙarshen shekarun 1950 wat 5 ne kacal, da lasifika ɗaya mai faɗin inci 8, da kwalabe uku, da abin murɗawa guda ɗaya tal, na ƙara murya da ragewa. Yayarta Deluxe tana da kimanin wat 15. Ba wanda ya ɗauke su kayan manya a lokacin.

Ita dishewar ta ƙofar baya ta shigo. A 1951 ƙungiyar Ike Turner ta taso daga Misisipi zuwa Memfis don ɗaukar waƙar Rocket 88 a sutudiyon Sam Phillips, sai lasifikar amfilifayar makaɗin jitarsu, Willie Kizart, ta lalace a hanya. Aka cusa mata takardu aka ci gaba da aiki, Phillips kuma ya ji zuzar ta yi masa daɗi ya bar ta a faifai. A 1958 Link Wray ya huda lasifikarsa da gangan don ya samu irin wannan murya. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks ya sa reza ya tsaga lasifikar wata 'yar koriyar amfilifaya mai suna Elpico, ya jona ta da wata babba, muryar da ta fito kuwa ita ce a waƙar You Really Got Me. Kafin su duka, makaɗan bulus na Shikago sun saba murɗa ƙananan amfilifayoyinsu har ƙarshe don a ji su cikin hayaniyar mashaya, kunnen jama'a kuma ya saba da gurnanin.

To, in haka ne, me ya kawo manyan? Amsa ita ce ganguna da taron jama'a. A farkon shekarun 1960 na'urar sauti da ke zauren wasa ta mawaƙi ce kaɗai, kuma ba ta da wani ƙarfin kirki. Mai jita dole amfilifayarsa ta kai muryarsa har layin ƙarshe da kanta, ta kuma rinjayi mai ganguna da ke dukan fata a bayansa. A Kalifoniya akwai Dick Dale, wanda dubban matasa ke cika zauren rawa na Rendezvous don su ji shi. Ya yi ta ƙona amfilifayoyin Fender ɗaya bayan ɗaya, har Leo ya ƙera masa Showman mai wat 85, daga baya aka kai ta 100. A Ingila kamfanin Vox ya fara da AC15 a 1958, amma da ihun 'yan kallo ya danne ƙungiyar The Shadows sai aka ninka ta zuwa AC30. The Beatles da ita suka fara shahara, suka koma mai wat 50, suka koma mai wat 100. Ranar 15 ga Agusta 1965 suka tsaya a filin wasa na Shea a Niyok gaban mutum 55,600, wat 100 ɗin nan kuma ta zama kamar mai raɗa a kasuwar Kurmi. Su kansu ba su jin abin da suke kaɗawa, har Ringo Starr ya sha faɗin cewa da motsin jikin 'yan uwansa yake gane inda aka kai a waƙa. Shekara ɗaya bayan nan, a Agustan 1966, suka daina yawon wasa gaba ɗaya.

Sai kuma Jim Marshall, wanda shi ma ba makaɗin jita ba ne, mai ganguna ne da ke da shagon kayan kiɗa a unguwar Hanwell ta yammacin Landan. Samarin da ke zuwa shagonsa suna kukan tsadar kayan Amurka, don haka a 1962 shi da ma'aikatansa Ken Bran da Dudley Craven suka kwaikwayi Fender Bassman suka fito da JTM45. Pete Townshend da John Entwistle na ƙungiyar The Who suka ce ba ta ishe su ba, ga Keith Moon na neman fasa musu kai da ganguna. A 1965 aka yi musu mai wat 100, da akwati ɗaya mai lasifika 8, kowacce inci 12. Masu ɗaukar kaya suka ce ba za su iya ba, sai aka raba akwatin biyu, huɗu-huɗu, ana ɗora ɗaya bisa ɗaya. Wannan hasumiya ce ta zama tambarin kiɗan rok. Jimi Hendrix da Eric Clapton a zamanin ƙungiyar Cream duk a gabanta suka tsaya, wani lokaci ma biyu ko uku a jere.

A nan sai mun ɗan yi lissafi, kada mai karatu ya tsorata, ba mai wuya ba ne. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara, abin da kunne zai ji an ɗan ƙara kaɗan. Kafin kunne ya ce murya ta ninka, sai an ƙara kimanin desibel 10, wato sai an ninka wat sau goma. Ma'ana, in lasifika iri ɗaya ce, wat 50 sau biyu kawai ta fi wat 5 ƙara a kunne, tsakanin wat 50 da wat 100 kuwa tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Sannan lasifikar jita mai kyau, wat 1 tak in ka ba ta, takan fitar da desibel 97 zuwa 100 a tazarar mita ɗaya. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ce desibel 85 awa 8 ne iyakarsa a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 na rage lokacin da rabi, ta yadda a desibel 100 minti 15 ne kawai. Yanzu mai karatu ya ƙiyasta wanda ke tsaye gaban wat 100 da aka murɗe har ƙarshe, inda abin ke dosar desibel 120, dare bayan dare. Kuma ka tuna dole ya murɗe ta, in ba haka ba kwalaben ba za su yi dishewar da yake nema ba.

Ranar 31 ga Mayu 1976, a filin ƙwallon Charlton da ke Landan, aka auna ƙarar The Who desibel 126 daga tazarar mita 32, kundin Guinness ya rubuta su a matsayin waɗanda suka fi kowa ƙara a duniya. Townshend ya daɗe yana fama da raunin ji da ƙarar nan da ba ta yankewa a cikin kunne, ko da yake shi yakan ɗora wani ɓangare na laifin a kan abin sauraro na kunne da yake sawa a sutudiyo. Clapton ma ya bayyana a 2018 cewa jinsa na raguwa. Kunne kuwa in gashin nan na cikinsa ya mutu, ba ya sake tsirowa.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin nan shi ne abin da waɗannan mutane ke yi in sun shiga sutudiyo an rufe ƙofa. Steve Cropper, wanda jitarsa ke cikin faya-fayan kamfanin Stax na Memfis a farkon shekarun 1960, da Fender Harvard mai wat 10 ya yi aiki. Faifan farko na Led Zeppelin da ya fito a 1969, wanda mai sauraro zai rantse bango guda na lasifikoki ne, Jimmy Page da wata ƙaramar Supro ya ɗauke shi. Sai babbar hujja, Clapton. Injiniya Tom Dowd ya yi aiki da shi a 1967 lokacin Cream, da hasumiyoyin Marshall da ƙarar da ke korar mutum daga ɗaki. A 1970 suka sake haɗuwa a sutudiyon Criteria na Miyami don faifan Layla, sai ga Clapton da Champ, kayan 'yan koyon nan mai wat 5. Sirrin shi ne makirfo ba shi da ido. In ka kafa shi a bakin lasifika, bai san girman akwatin ba, abin da ya ji kawai yake ɗauka, kuma ƙaramar da ke aiki da dukkan ƙarfinta ta fi cika faifai a kan babbar da aka daure wa baki. Ga shi kuma ba ta malala cikin makirfon mai ganguna da na mawaƙi, har makaɗa na iya zama ɗaki ɗaya suna jin juna.

Neil Young ya kai abin har dandamali. Tun 1967 yake riƙe da wata tsohuwar Deluxe ta ƙarshen shekarun 1950, kuma ita ce tushen muryar jitarsa ko a gaban dubban mutane. Har wata na'ura aka ƙera masa mai suna Whizzer da ke zaune bisa amfilifayar tana murɗa mata maɓallai in ya taka da ƙafa, don kada a taɓa cikinta.

Ya iya yin haka ne saboda matsalar da ta haifi wat 100 ba ta daɗe ba. A 1967 Charlie Watkins na kamfanin WEM ya kafa na'urar sauti mai wat 1,000 a bikin kiɗa na Windsor a Ingila. A 1969 Bill Hanley ya isar da sauti ga dubban ɗaruruwan mutane a Woodstock. A 1974 ƙungiyar Grateful Dead ta riƙa yawo da wani bango mai lasifika kimanin 600. Daga nan aikin kai murya layin ƙarshe ya bar hannun mai jita ya koma hannun injiniya: a sa makirfo gaban amfilifaya ko wace iri ce, babbar na'urar zaure ta yi sauran. In an yi lissafi, shekarun da wat 100 ta zama dole ba su wuce goma ba. Amma hasumiyar ta riga ta shiga ido. Yaro ya ga hoton Hendrix, shi ma ita yake so, har ta kai wasu ƙungiyoyi na jera akwatunan da babu komai a cikinsu don ado. Geddy Lee na ƙungiyar Rush, da ya koma jona jitarsa ta bes kai tsaye da na'urar zaure, sai ya jera injinan busar da tufafi a gurbin, daga baya ma ya sa na gasa kaji.

Masu manyan su ma sun yi ta neman hanyar rage musu baki ba tare da an rasa gurnanin ba. Eddie Van Halen ya riƙa rage ƙarfin wutar da ke shiga Marshall ɗinsa da wata taransifoma mai suna Variac. Tom Scholz na ƙungiyar Boston ya ƙera Power Soak, akwatin da ake sawa tsakanin amfilifaya da lasifika ya shanye yawancin ƙarfin ya mai da shi zafi. Randall Smith na Mesa/Boogie a farkon shekarun 1970, da Marshall a 1975, suka ƙara maɓalli na biyu, ta yadda ƙananan kwalaben gaba za su dishe alhali manyan na baya suna hutawa. Dabara ce mai kyau, kuma a kanta aka gina kiɗan metal, sai dai masu kunne sun ce zuzarta ta fi siriri, ba ta da nauyin wadda ke fitowa in manyan kwalaben da taransifoma da lasifika duk sun jigata tare. A ganina, wanda ya sayi wat 100 sannan ya sayi abin da zai ƙone 95 daga ciki, ya biya kuɗi sau biyu don ya isa inda mai Champ yake zaune tun farko.

Amma fa kada a ce na yi son kai, babba na da ranarta. Duk wanda ke son murya garau kuma da ƙarfi, ƙarama ba za ta yi masa ba, domin tun kafin ta kai ƙarar ganguna ta riga ta dishe. Shi ya sa masu kiɗan karkarar Amurka da masu jaz da yawa suka riƙe Twin Reverb mai wat 85 da ta fito a 1963, duk da nauyinta na kusan kilo 30. Irin jitar nan ta Kwango da ta hailaif, mai ƙyalli kamar ana zuba tsakuwa a faranti, ita ma sarari take so, ba gurnani ba. Sauti mai kauri na ƙasa wuta yake ci sosai, don haka mai jitar bes da mai metal da ke son kowane bugu ya fito a dunƙule suna da hujjar neman wat mai yawa. Akwai kuma abin da ba a aunawa da na'ura, wato iskar da lasifika 8 ke turowa ta doki ƙirjin mutum, da yadda tsirkiya ke kama wannan iska ta riƙa kuka da kanta. Rabin fasahar Hendrix a nan take, kuma wat 5 ba ta bayar da ita. Champ kuma in ba makirfo, mai ganguna ɗaya ya isa ya binne ta, ga lasifikarta ta inci 8 na yin murya kamar daga cikin kwali. Wannan ne ya sa makaɗan ƙananan zauruka da yawa suka tsaya a tsakiya, wajen Deluxe Reverb mai wat 22 ko AC15.

Sai batun aljihu da gadon baya. Cikakkiyar hasumiyar Marshall tana dosar kilo 100, buhun masara guda ke nan, Champ kuwa ba ta kai kilo 10 ba. Kwalabe suna tsufa kamar ƙwan fitila. Mai wat 100 manyan kwalabe huɗu take ci, kuma sai an samo waɗanda suka dace da juna, sannan mai gyara ya daidaita musu wuta. Champ ɗaya take ci, ka zare ka soka wata. Wannan ya daina zama ƙaramin zance tun da masana'antun kwalba suka ragu a duniya, aka dogara da 'yan kaɗan, irin ta garin Saratov a Rasha da ta JJ a Sulobakiya da wasu a Sin. A Maris 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, labarin hana fitar da kaya daga Rasha ya sa makaɗa suka yi wawar kwalabe, shaguna suka ƙare, farashi ya yi sama.

Tun kafin nan kasuwa ta riga ta juya. Fender ta fito da Blues Junior mai wat 15 a 1995. Epiphone ta fito da Valve Junior mai wat 5 a 2005, a farashin da ɗalibi zai iya. A 2006 Orange ta kawo Tiny Terror, mai wat 15 da ake iya rage ta zuwa 7, a cikin ɗan akwatin ƙarfe mai mariƙi kamar na abincin 'yan makaranta, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu. Yawancin masu sayen jita a ɗakunansu suke kaɗawa, suna ɗauka da kwamfuta, ga maƙwabta a bayan bango. A gefe guda kuma na'urorin da ke kwaikwayon muryar kwalba da lissafin kwamfuta, tun daga POD na Line 6 a 1998 zuwa Kemper a 2011, sun ci wani babban yanki na kasuwar, kuma manyan suka fi yi wa illa, domin masu yawon wasa sun gaji da biyan kuɗin dakon akwatuna. A Disamba 2013 Metallica ta yi wasa a yankin Antatika babu lasifika ko ɗaya a buɗe, 'yan kallo da abin sauraro a kunne suka ji.

Ko wat 5 ɗin ma, in an koma lissafinmu na ɗazu, ta yi wa ɗakin kwana yawa, domin in ta kai inda take dishewa tana iya haura desibel 100. Saboda haka aka ci gaba da sauka. A 2012, da kamfanin Marshall ya cika shekara 50, ya yi bikin ne da fitar da jerin amfilifayoyin kwalba guda biyar, kowacce na kwaikwayon muryar wani zamani na tarihinsa, kowacce kuma wat 1 ce, da maɓallin da ke ƙara rage ta ƙasa da haka. A watan Afrilun wannan shekara Jim Marshall ya rasu yana da shekara 88.